Shamfun da ba ya kumfa, jabu ne ko kuwa?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Wata ƙawata ce tun ta makaranta take saida kayan gyaran gashi, na sayi shamfu a wajenta da tsadarsa, wai mara salfet ne, ta ce shi ya dace da ni tunda na daina saka rilaksa. Wallahi Anti ranar da na tsefe kai na zuba shi ko alamar kumfa babu, na ƙara na sake ƙarawa har na kusa raba kwalbar biyu a wanki ɗaya. Da na je salun mai wankin kan ta ce min jabu ne, in dai shamfu bai yi kumfa ba ruwa aka ɗura. Tun daga nan na koma sabulun salo, in kan ya yi datti sosai har ɗan omo nake sawa kamar yadda Mama take mana muna yara. Yanzu kan yana fita fes har ƙara yake in na ja gashin, amma ya bushe ƙamas, yana karyewa a mataji, ga amosani ya dawo. Ita kuma ƙawar tawa na daina ɗaga wayarta don gani nake cutata ta yi. In mayar mata da kayanta in karɓi kuɗina ne? Kuma ya zan yi da gashin nan?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abu na farko dan girman Allah ki ajiye omon nan, daga yau kar ya sake hawa kanki, zan zo kan dalili. Na biyu kuma, rashin kumfa shi kaɗai bai kai hujjar da za a ce kaya jabu ne ba, balle har a yanke ƙawancen shekara da shekaru a kansa.

Kinga kumfa ba ita ke wanke kai ba. Abin da ke wankewa wani sinadari ne da ke cikin kowane sabulu da kowane shamfu, ƙwayarsa baki biyu gare ta, ɗaya yana kama maiƙo ɗaya yana kama ruwa, to in kika cuɗa sai bakin nan ya riƙe maiƙon da dattin da ya manne a jikinsa, in kika zuba ruwa ɗayan bakin ya bi ruwan su tafi gaba ɗaya. Shikenan wankin. Ita kumfa iska ce kawai da ta maƙale a cikin ruwan sabulun lokacin da kike cuɗawa, kuma maiƙo shi ne babban mai kashe ta. Ke da kanki kin san wannan a wajen wanke-wanke, ranar da aka ci miyar manja kina tsoma kwanon farko a ruwan kumfar take kwantawa, ba don sabulun ya lalace ba, ya tafi aikin kama man ne, sai kwanukan sun fara fita sannan ki ga kumfar tana tsayawa.

To yanzu ki tuna kan da kika kai wa shamfun nan ranar. Kitson sati uku ko huɗu, tun ranar da aka yi shi mai kitso ta bi tsaga-tsaga da man kitso, ke ma kin ƙara man kaɗanya ko basilin a tsakani, ga zufa a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, ga ƙura in lokacin hunturu ne, ga maiƙon da fatar kan ke fitarwa da kanta kullum. Irin wannan kan ko shamfun da ya fi kowane kumfa kika zuba masa a wankin farko ba wata kumfar kirki za ki gani ba. Abin da ya kamata shi ne ki ɗauraye na farkon ki sake zuba ɗan kaɗan, a na biyun ne ake ganin ko zai yi ko ba zai yi ba. Ke kuma sai kika yi ta ƙari a kan na farkon ba ki ɗauraye ba, kina tara shamfu a kan maiƙo, kwalba ta tafi a banza. Wannan ya fi komai ba ni takaici a saƙonki wallahi, kuɗi ne fa.

Sannan akwai maganar ruwa, wadda yawancinmu ba ma kawo ta a lissafi. Ruwan rijiya da na bohol a wurare da yawa yana da nauyi, wato akwai kalsiyam da magniziyam narke a cikinsa. In kina ganin wani farin ɓawo yana taruwa a gindin butar da kike dafa ruwa, ko wani dafi-dafi yana zagaye bokitin wanka bayan an yi amfani da sabulu, to irin ruwanku ke nan. Irin wannan ruwan yana rage kumfa, kuma sabulu na ainihi irin salo ya fi shan wahala a cikinsa, don haɗuwa yake da kalsiyam ɗin ya zama wani gari-gari mai danƙo ya zauna a gashi, ya dusashe shi, har wani lokacin in ya bushe ki ɗauka amosani ne. Wannan matsalar ce ma ta sa tun shekarun 1930 kamfanoni suka fara yin shamfun da ba sabulu ba ne, irin Drene na kamfanin Procter & Gamble a Amurka, abin da suke tallarsa da shi ke nan, ba ya barin wannan dafin a gashi.

Yanzu juya kwalbar shamfu ki karanta bayanta. Mafi yawan na kasuwa za ki ga bayan ruwa abin da ke biye shi ne sodium lauryl sulfate ko sodium laureth sulfate, su ne salfet ɗin da ake ta magana. Suna da ƙarfin cire maiƙo, suna kumfa sosai, kuma suna da araha. Wanda ƙawarki ta ba ki an cire su an sa masu sauƙi, za ki iya ganin sunaye irin cocamidopropyl betaine ko decyl glucoside, waɗannan dama can kumfarsu ba ta kai ta salfet ba, wata sa'in ma ɗan fari-fari kawai za ki gani mai santsi. Haka aka yi shi. Kuma kamfanoni sun daɗe da sanin cewa mutane da kumfa suke auna wanki, shi ya sa har wani sinadarin daban suke ƙarawa musamman don kumfar ta yi kauri ta daɗe ba ta kwanta ba.

Abin da nake so ki riƙe game da maganar mai salun shi ne, a duk abin da ke cikin shamfu babu mai sauƙin kwaikwayo kamar kumfa. Tambayi duk wadda ta je koyon haɗa sabulun ruwa a ajin koyon sana'a, za ta lissafo miki Texapon da SLS da abin ƙara kumfa, a zuba gishiri ya yi kauri, a sa kala da turare, an gama. Texapon da SLS ɗin nan su ne dai salfet ɗin da na faɗa miki. To mai son yin jabu ai kumfar zai fara cikawa don ya san ita ce za a duba. Shamfun da ake ɗurowa a jarka babu suna babu takarda, wanda wasu salun ke wanke wa mutane kai da shi, kumfa kamar me, amma ba wanda zai iya gaya miki abin da ke ciki. Ban ce mai salun ta yi miki ƙarya da gangan ba, abin da ta saba gani ta faɗa, amma ba ta faɗi daidai ba.

Ba wai babu jabu a kasuwa ba, akwai shi, kuma har masu saidawa ma ana cutarsu a wajen sari. In kina son ki tabbatar ki duba lambar NAFDAC, ki duba ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar wa'adinsa, ki duba ko rubutun jikin kwalbar yana da kurakurai ko yana gogewa in kin murza, ko murfin ya zo a liƙe, ko ruwan ya rabu biyu ko yana wani wari. Ki sani kuma wanda wani ya sayo a waje ya sako a akwatinsa ba lallai ya zo da lambar NAFDAC ba. Duk wannan da ƙawarki za ki yi shi, ba a bayanta ba. Kira ta ki ce wance kwana biyu ban ɗaga wayarki ba, abu kaza ne ya faru, ki gaya mata gaskiya har da abin da aka ce miki a salun, ki tambaye ta inda take sarowa. Mutumin da ya cuce ka ba ya yawan bin ka da waya. Maganar mayar da kwalbar da aka sha rabinta kuwa, ni dai ban ga adalci a ciki ba, sai dai in kun duba tare kun ga jabun ne, nan ma ita ce za ta koma wa wanda ya sayar mata.

Kar kuma ki ɗauka ina cewa kumfa abar ƙi ce. Tana taimakawa shamfu ya bazu, tana nuna miki inda hannunki ya kai, kuma in ta daina fita kin san kin ɗauraye. Salfet ma ba guba ba ne, maganar da ake yawo da ita a waya cewa yana kawo ciwon daji babu wata hujja a kanta. Matsalarsa ɗaya ce, yana kwashe maiƙo fiye da yadda irin gashinmu ke iya ɗauka in ana yawan yi. Har ma zan ce miki in dai ke mai lafta basilin ce ko man kitso mai nauyi, mara salfet ɗin ba lallai ya fitar da shi tas ba, to sau ɗaya a wata ko wata biyu ki wanke da mai salfet ki bi shi da kwandishina, sauran lokutan ki koma mai sauƙin.

Wannan ƙarar da kike jin daɗinta in kin ja gashin, ita ce alamar ɓarnar. Gashinmu a nannaɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har ƙarshen sili kamar na masu miƙaƙƙen gashi, shi ya sa dama can a bushe yake, kuma duk inda silin ya lanƙwasa wajen yana da rauni. In kika kwashe ɗan maiƙon da ya rage har sili yana ƙara a hannu, babu abin da ya saura tsakaninsa da haƙoran mataji.

Omo kuwa ya wuce nan. Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14, ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne. Fatar kai tana wajen 5.5, gashi ma ɓangaren tsamin ya fi so. Sabulu na ainihi yana wajen 9 zuwa 10, garin omo yana kaiwa 10 ko ya ɗara, rilaksan da kika gudu kuma 12 zuwa sama. Jikin kowane silin gashi wasu siraran ɓawo ne a kwance kan juna, abu mai kanwa yana kumbura silin ya ɗaga su, sai gashi ya yi kaushi, ya riƙa sarƙewa da ɗan uwansa, ruwan jikinsa ya riƙa gudu, ki sa mataji ya karye. Wato kin bar rilaksa don ki ceci gashinki, kin dawo kina bi da shi hanya ɗaya a hankali. Ga shi omo an haɗa shi ne don atamfa da zanin gado, da sinadaran cin tabo a ciki, dubi yadda hannu yake yi in an daɗe ana wanki. Iyayenmu sun yi ne da abin da suka samu da kuma kyakkyawar niyya, Allah Ya saka musu, amma in akwai ƙanne ko jikoki da Mama ke yi wa haka har yanzu, ki lallaɓa ki kai mata shamfun yara ki ce ga shi kin sayo musu.

Sabulun salo ba na sa shi layi ɗaya da omo. Da toka ake yinsa, ta ɓawon koko ko na ayaba, da man alayyadi ko kaɗanya, kuma mutane da yawa suna jin daɗinsa. Sai dai sabulu ne, yana ɓangaren kanwa, kuma ƙarfinsa ya danganta da hannun wanda ya dafa. In dole sai kin yi da shi ki jiƙa ɗan gutsure a ruwa ya narke ki tace, kar ki goga curin a ka, kuma kar ki tsallake kwandishina. Amma a halin da gashinki yake yanzu ki ba shi hutu tukuna.

Abin mamaki ma shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin cewa ana wanke kai babu kumfa, tunda muna da karkashi. Kakanninmu da shi suka riƙa wanke kai, matan Chadi har yanzu suna yi, su suke ce masa ambunu, yanzu har ƙulla shi ake a leda ana kai wa ƙasashen waje. Yauƙi ne zalla, ba kumfa, amma yana ɗaga datti mara nauyi, kuma wajen warware sarƙaƙƙen gashi ban san abin da ya fi shi ba. Ki jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi ya saki yauƙinsa, ki tace da kyau don kar ɓurɓushi ya maƙale miki. Kar ki sa kanwa, wannan ta miya ce. Kuma ki jiƙa daidai na ranar, in ya kwana biyu lalacewa yake. Ganyen magarya ma ana yi da shi, shi yana ɗan tada kumfa kaɗan.

Ga yadda nake so ki gwada rabin kwalbar da ta rage. In kin tsefe kar ki kai kan ga ruwa kai tsaye, nan ne mutane da yawa suke asarar gashi, don matattun silin da suka taru a cikin kitso suna jin ruwa suke dunƙulewa. Ki fara warwarewa da yatsa, da ɗan mai ko ruwan karkashi, ki raba kan gida huɗu ko shida ki ɗan kitse kowanne sako-sako. Ki jiƙa shi sosai da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, ya jiƙu har ciki, don busasshen gashi shi ma yana hana kumfa. Ki zuba shamfu kamar cokali ɗaya a kofi ki ƙara ruwa ki kaɗa, ki bi fatar kan da shi, fatar ce ke buƙatar wankin, ki murza da tsokar yatsa ba da farce ba, minti biyu ko uku. Ɗauraye. Sake yi da abin da bai kai na farko ba, abin da ya gangaro ya isa ya wanke jelar gashin. Sai kwandishina daga tsakiya zuwa ƙarshe, ki bar shi 'yan mintuna, ki taje da mataji mai manyan haƙora kina farawa daga ƙarshe kina hawa. Mai kuma a shafa shi gashin yana da ɗan danshi, kuma kar a ɗaura ɗankwali ko a zauna kitso sai ya bushe.

Yadda za ki gane ya fita kuwa, bari ya bushe ki goga yatsa a tsaga ki duba, ki shinshina. Babu maiƙo, babu wari, babu ƙaiƙayi washegari, gashin yana da laushi a hannu, to ya wanku ko da ƙwayar kumfa ɗaya ba ki gani ba. In kuma kin yi haka sau biyu sau uku kan yana nan da danƙo, to shamfun ya yi wa irin man da kike shafawa sauƙi, sai ki rage man ko ki canza shamfun, wannan ma ba ya nufin jabu ne.

Ki riƙa duba abin da ke fita a mataji kuma. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, mai kitso kuma nata ba sa samun hanyar faɗuwa sai ranar tsifa, to dunƙulen da kike gani ba duka ba ne abin tsoro. Dogon sili mai ɗan farin kai a gindinsa, wa'adinsa ne ya cika. Gajeru-gajeru marasa farin kai da ke zuba a kafaɗa da tsakar ɗaki, su ne karyewa, su nake so ki ga suna raguwa.

Amosanin kuma ki fara ba shi wanki biyu ko uku babu omo babu salo, don mai yiwuwa bushewar fata ce da ragowar sabulu. In bai tafi ba, yana ƙaiƙayi, yana fita manya-manya masu maiƙo, to na ainihin ne, wanda wata ƙwayar naman gwari mai suna Malassezia ke tayarwa, ita kuma maiƙo take ci, don haka lafta man zaitun ko wani mai a fatar kan ƙara mata abinci ne, ki tsaida mai a jikin gashin kawai. A kemis akwai shamfu mai ketoconazole, akwai mai selenium sulfide. Shi mai ketoconazole ana yinsa sau biyu a sati na tsawon sati biyu zuwa huɗu, a shafa a fatar a bar shi minti uku zuwa biyar kafin a ɗauraye, zaman da ya yi ne ke aikin, to a wannan tsakanin sai ki haƙura da ƙananan kitso ki yi manya guda huɗu ko shida da za ki iya kwancewa. Yana busar da gashi, ki bi shi da kwandishina. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa wa mai kemis ɗin kafin ki saya. In kuwa kika ga wani waje ya kwashe ya yi faƙo zagaye, ko ƙuraje masu ruwa, ko ciwo, wannan ya wuce shamfu, zai iya zama makero ko wani abin daban da sai an sha magani, ki je asibiti ki ga likitan fata.

Ƙarshen gashin da ya riga ya tsage babu man da zai haɗe shi, duk abin da mai talla zai ce miki, ki sa a datse miki shi kaɗan da almakashi mai kaifi don kar tsagar ta ci gaba da hawa. Gashi yana tsiro ne kamar santimita ɗaya a wata, to kar ki sa ran ganin canji a sati biyu, ki ba shi wata uku. A tsakanin nan ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu musamman a gaban goshi da ƙeya, in kin tashi daga gabanta kina jin fatar tana ja ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin tsaga, ya yi tsauri, ki sa ta kwance wajen ko da za ta ji haushi. Allah Ya ba da lafiya, Ya kuma daidaita tsakaninku.